Guba ko mallaka? Sake karanta Le Monde selon Monsanto daga Sahel

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2008 tashar talabijin ta Arte ta nuna wani fim mai suna Le Monde selon Monsanto, aikin ƴar jaridar nan ta Faransa, Marie-Monique Robin. A daidai lokacin ne kuma littafinta mai wannan suna ya fito a maɗaba'ar La Découverte ta birnin Paris. An fassara shi cikin harsuna da dama, kuma a ƙasashen da ke aiki da Faransanci ya zama ƙofar da galibin masu karatu suka bi suka san wannan kamfani na Amurka, suka kuma san rigimar irin shukar da aka sauya wa halitta, wanda aka fi sani a nan da OGM. Ɗalibin da ya ɗauki wannan batu a kundinsa da wuya ya rasa ambaton littafin, wani lokaci ma shi kaɗai ne madogararsa.

Abin da ya sa muka ga ya dace a sake buɗe shi, shi ne lokaci ya ba mu ma'aunin da marubuciyar ba ta da shi. A shekarar da littafin ya fito ne maƙwabciyarmu Burkina Faso ta amince da noman kaɗar Monsanto, a 2016 kuma ta watsar da ita. A 2018 sunan Monsanto kansa ya gushe, bayan da kamfanin Bayer na Jamus ya saye shi. Ra'ayin da za mu kare a wannan maƙala shi ne: littafin yana da ƙarfi ƙwarai inda yake ba da tarihin Monsanto a matsayin kamfanin sinadarai, amma yana raunana inda yake son kowace tambaya ta koma tambayar guba. Wannan raunin ya sa masu karanta shi a Sahel suka zuba ido ga ƙofar gaba, alhali ɓarawo ta katangar baya yake haurowa.

1. Abin da littafin ya tabbatar

John Francis Queeny ya kafa kamfanin a 1901 a birnin St. Louis, ya sa masa sunan gidan su matarsa, Olga Monsanto. Sakarin ne hajarsa ta farko, kamfanin Coca-Cola kuma yana cikin manyan masu saye. Shekaru da dama babu ruwan Monsanto da gona. Robin ta yi daidai da ta fara daga nan, domin wanda bai san kamfanin sinadaran ba, ba zai gane halin kamfanin irin ba.

Babin da ya fi kowane nauyi shi ne na garin Anniston a jihar Alabama. A 1935 Monsanto ya sayi masana'antar da ke yin PCB a garin, wato wani ruwan sinadari da ba ya kama wuta da sauƙi, wanda ake zubawa cikin taransifoma da sauran kayan lantarki. Har zuwa 1971 masana'antar tana aiki, tana sakin dattinta cikin rafi da juji a gefen unguwannin talakawa, galibinsu baƙar fata. Takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda shari'a ta tilasta aka fito da su, sun nuna cewa a 1966 an saka kifi cikin rafin da ke bayan masana'antar, ya mutu cikin ƴan mintoci, kuma ba a gaya wa mutanen unguwa ba. Wata takarda ta 1970 ta ja hankalin dillalan kamfanin cewa ba a son a yi asarar ko dala ɗaya ta ciniki. Monsanto ya daina yin PCB a 1977. A 2002 wata kotu a Alabama ta same shi da laifi, a 2003 aka sasanta a kan dala miliyan 700 ga mutane fiye da 20,000.

Haka labarin diyoksin yake. A 1949 an yi hatsari a masana'antar kamfanin da ke Nitro, inda ake yin maganin hakin nan 2,4,5-T, ma'aikata fiye da 200 suka kamu da ciwon fata mai tsanani. Wannan sinadari shi ne rabin haɗin da sojan Amurka suka yi ta fesa wa dazuzzukan Biyetnam har zuwa 1971, Monsanto kuma yana cikin masu yi. Da tsofaffin soja suka kai ƙara, kamfanonin suka biya dala miliyan 180 a 1984, kusan rabi daga aljihun Monsanto. Mutanen Biyetnam da aka fesa wa ba su samu komai daga wannan kuɗi ba.

A waɗannan babuka marubuciyar ba ta bukatar ɗaga murya, takardun kamfanin ne ke magana. Haka nan ta yi aiki mai kyau a kan shige-da-ficen jami'ai tsakanin kamfanin da hukumomin da ya kamata su sa masa ido. Misalin Michael Taylor ya isa: lauya ne da ya yi wa Monsanto aiki, ya koma hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1991, yana can aka fitar da ƙa'idar 1992 wadda ta ɗauki abincin OGM tamkar na gargajiya, daga baya ya dawo Monsanto a matsayin mataimakin shugaba. Cin hancin da kamfanin ya ba wani jami'in Indunusiya, dala 50,000, domin a kauce wa binciken muhalli a kan kaɗa, shi ma ba zargi ba ne: a 2005 Monsanto ya biya tarar dala miliyan 1.5 a kansa. Wanda yake son ya kare kamfanin a kan waɗannan, to ya sha aiki.

2. Inda hujja ta fara santsi

Matsala tana farawa daga kashi na biyu na littafin. Tsarin hujjar, in aka tuɓe mata ado, ga shi: kamfanin da ya yi ƙarya a kan PCB da diyoksin ba abin yarda ba ne, saboda haka abin da ya ce ba shi da lahani yana da lahani. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu ba ya fitowa daga na farko. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma aikin manazarci shi ne ya tsaya ya duba ko tsumman ne ko macijin.

A fim ɗin ana ta nuna marubuciyar zaune gaban kwamfuta tana neman bayanai a Google. Manufarta a nuna cewa komai a fili yake, kowa na iya samu. Sai dai wannan dabara tana jera hukuncin kotu da rahoton ƙungiya da ra'ayin mutum ɗaya a sahu guda, kamar nauyinsu ɗaya ne. Kamfanin ya ƙi yin hira da ita, wannan kuwa laifinsa ne. Amma masanan da ba na kamfani ba, waɗanda suka saɓa wa shaidunta, su ma muryarsu ba ta cika fitowa ba. Labarin Arpad Pusztai, wanda ya rasa aikinsa a Sikotilan a 1998 bayan ya ce wani dankalin OGM ya illata ɓeraye, an ba shi fili mai yawa. An wulaƙanta mutumin, babu shakka. Amma dankalin ba na Monsanto ba ne, ba a taɓa kai shi kasuwa ba, kuma wulaƙancin da aka yi wa mai bincike ba ya gyara raunin gwajinsa. A 2016 makarantun kimiyya na ƙasa na Amurka suka duba rubuce-rubuce fiye da 900, ba su samu tabbatacciyar shaida ba cewa cin amfanin gonar OGM ya fi cin na gargajiya haɗari. Abin lura, wannan rahoto bai yi wa kamfanin daɗi ba ta wani gefen: ya ce babu alamar cewa OGM ya ƙara saurin hauhawar yabanya a gonakin Amurka. Ke nan alkawarin ciyar da duniya, wanda Monsanto ya cika tallarsa da shi, ya fi zargin guba saurin rushewa.

Babin Indiya ya fi damun mu, domin shi ne aka fi maimaitawa a tarurrukanmu. An amince da kaɗar Bt a Indiya a 2002. Bt kuwa wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, wadda aka ɗauki ƙwayar halittarta aka dasa cikin tsiro domin ya riƙa yin sinadarin da ke kashe tsutsa. Littafin ya ɗaura alhakin kashe kai da manoman kaɗa ke yi a wuyan wannan iri. Amma abin ya riga irin zuwa, kuma nazarin da cibiyar IFPRI ta fitar a 2008 bai ga ƙaruwar da za a jingina wa Bt ba. Abin da ke kashe manomin Vidarbha tsoho ne, mun kuma san shi a nan: bashi da ruwa, noman da ya dogara ga damina, farashin da ba ya hannun manomi. Tsadar iri ta ƙara nauyi a kan wannan kaya, ba ita ta ɗaure shi ba. Illar Bt ta haƙiƙa a Indiya ta fito daga baya, a wurin da littafin bai tsaya sosai ba: tsutsar kaɗa mai ruwan hoda ta saba da sinadarin. Monsanto ya amsa haka a 2010 game da jihar Gujarat, kafin ƴan shekaru kuma iri na biyu mai ƙwayoyi 2 shi ma ya daina kare gona. Manomi ya ci gaba da sayen iri mai tsada, ya kuma koma feshi.

A nan ya kamata a gyara wata magana da ke yawo, ko da yake ba marubuciyar ce ta ƙirƙiro ta ba. Irin da aka yi wa laƙabi da Terminator, wanda ƴaƴansa ba sa tsira, an ba da takardar mallakarsa a 1998 ga kamfanin Delta and Pine Land da ma'aikatar noma ta Amurka. A 1999, bayan hayaniya, shugaban Monsanto Robert Shapiro ya yi alkawarin ba za a sayar da shi ba, kuma ba a taɓa sayarwa ba. Kamfanin bai bukaci irin ya zama bakarare ba. Yana da lauyoyi.

Gilifosat shi ne wurin da lokaci ya fi ba Robin gaskiya. Monsanto ya fitar da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup, kuma tun 2007 wata kotu a Lyon ta ci tarar kamfanin saboda tallar ƙarya da ke cewa maganin yana narkewa ya bar ƙasa tsaf. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo sankara. Hukumomin Amurka da na Turai ba su yarda ba, a 2023 ma Tarayyar Turai ta sabunta izninsa na shekara 10. Amma takardun da shari'o'in Amurka suka tono a 2017 sun nuna ma'aikatan kamfanin suna sa hannu cikin rubutun da ke fita da sunan masana masu zaman kansu. Bayer, wanda ya biya dala miliyar 63 a 2018, ya sayi gida da bashin da ke kansa: a 2020 ya ware kusan dala miliyar 11 domin sasanta ƙararraki. Ko a nan ma a lura, batun na mai feshi ne da maganin ke taɓa jikinsa, ba na ƙwayar halittar da aka dasa ba. Littafin yana cakuɗa biyun.

3. Mallaka

Akwai wani littafi a cikin littafin, wanda da marubuciyar ta sa shi a tsakiya da aikinta ya fi daɗewa. Shi ne labarin yadda iri ya tashi daga abin da manomi ke ajiyewa a rumbu ya koma abin da yake haya.

A 1980 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ana iya mallakar halittar da mutum ya sarrafa. A 1983 masanan Monsanto suna cikin na farko da suka dasa baƙuwar ƙwayar halitta cikin tsiro. A 1996 waken soya mai jure Roundup da kaɗar Bollgard suka shiga kasuwa. Dabarar waken soyar a fili take: takardar mallakar gilifosat za ta ƙare a Amurka a 2000, sai aka yi irin da zai riƙe manomi ga maganin. Cikin ƴan shekaru kamfanin ya saye manyan gidajen iri, Asgrow da Holden's da DeKalb, a 2005 ya haɗa da Seminis mai irin kayan lambu. Manomin da ya sayi irin yana sa hannu a yarjejeniya cewa ba zai ajiye ƴaƴansa ya sake shukawa ba, kuma kamfanin ya kai manoma fiye da 140 ƙara a Amurka.

Robin ta ba Percy Schmeiser, manomin kolza na Kanada, matsayin gwarzo wanda iska ta kawo wa irin kamfani cikin gona. Kotuna ba su ga haka ba: sun samu cewa kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na shukarsa ta 1998 irin Monsanto ne, abin da iska kaɗai ba ta yi. A 2004 kotun ƙoli ta ba kamfanin gaskiya da alƙalai 5 a kan 4, ko da yake ba ta sa shi biyan diyya ba. Shari'ar da ta fi bayyana lamarin ta zo bayan littafin. Vernon Bowman, tsohon manomi a jihar Indiyana, ya sayi waken soya na kasuwa, wanda ake sayar wa masu dabbobi da masana'antu, ya shuka. A 2013 alƙalan kotun ƙolin Amurka 9 duka suka ce shuka wannan wake daidai yake da ƙera kayan wani ba da izni ba. Babu guba a wannan labari. Akwai dai tsaba da mutum ya saya da kuɗinsa, wadda doka ta ce yana iya ci, ba ya iya binnewa.

Tilas kuma ba sai ta kotu ba. Yawan feshin gilifosat ya haifar da hakin da ba ya jin magani, mafi muni cikinsu wani ɗan'uwan rukuɓu da ya addabi gonakin kudancin Amurka. Amsar kamfanin ita ce sabon iri mai jure wani tsohon magani, dikamba, wanda ke tashi da iska. A 2017 fiye da hekta miliyan 1 na waken soyar maƙwabta suka lalace, manoma da yawa kuma suka sayi sabon irin domin kawai su tsira daga feshin na kusa da su.

4. Abin da Burkina ta koyar

Kashi na uku na littafin ya bi Meksiko da Ajantina da Paraguwai da Barazil da Indiya. Ba a keɓe wa Afirka babi ba. Amma a lokacin da ake rubuta shi, tun 2003, cibiyar binciken noma ta Burkina, INERA, tana gwada kaɗar Bollgard II tare da Monsanto. An aurar da irin Amurka mai ɗauke da ƙwayoyin Bt da irin gida 2, FK 37 da STAM 59A. An fara noma a 2008, aka faɗaɗa a 2009, kafin shekara 5 kuma wajen kashi 2 cikin 3 na gonakin kaɗar ƙasar sun koma Bt. Burkina ta zama abin nuni a kowane taron da ake son shawo kan Afirka.

Manoma da yawa sun so irin, kuma ba a yaudare su ba ne. Feshi ya sauka daga sau 6 zuwa sau 2. Wanda ya taɓa goya tankin feshi cikin zafin rana, maganin na zubo masa a gadon baya, ya san darajar wannan. Mai karatun da ya tashi da littafin Robin zai sa ran ganin ciwo, ko mutuwar dabbobi, ko manoma a gaban alƙali. Abin da ya kayar da kaɗar Bt ba ko ɗaya daga ciki ba ne. Tsawon sili ne.

Kaɗar Burkina ta yi suna a kasuwar duniya saboda dogon silinta da kuma yawan abin da ake samu bayan gurza, sakamakon shekaru masu yawa na zaɓen iri. Irin Amurka da aka aura mata gajeren sili gare shi. A ƙa'idar masu kyautata iri, bayan auren farko sai a yi ta maimaita auren ƴaƴan da irin gida, zuriya bayan zuriya, har halayen baƙon su fita, a bar ƙwayar da ake so kaɗai. Masu nazarin wannan lamari, irin su Brian Dowd-Uribe da Matthew Schnurr, sun nuna cewa an gaggauta wannan aiki. Silin ya ragu da abin da bai kai milimita 1 ba, amma a kasuwar kaɗa wannan ya isa ya sauke daraja daga wani mataki zuwa na ƙasa.

Wa ya ɗauki asarar? A nan ne labarin ya fi ma'ana. Ana biyan manomi da nauyin kaɗar da ya kawo, ba da tsawon silinta ba, don haka shi bai ji a jikinsa kai tsaye ba. Kamfanonin gurza 3, SOFITEX da SOCOMA da Faso Coton, su ne ke sayarwa a waje, su suka ga ramin a littafinsu. Su ne kuma ke riƙe da iri da taki da bashi. A 2016 ƙungiyar masu harkar kaɗa ta nemi diyyar kimanin sefa miliyar 48 daga Monsanto, aka daina rarraba irin Bt. A 2017 aka sasanta ta hanyar raba kuɗin haƙƙin mallaka da aka riƙe wa kamfanin. Manomin da ba a tambaye shi ba lokacin da aka kawo irin, ba a tambaye shi ba lokacin da aka ɗauke. Ya koma feshi sau 6.

Akwai wani abu kuma. Alƙaluman da aka tallata irin da su, na ƙarin amfani kusan kashi 30 cikin 100, sun fito ne daga gwaje-gwajen da Monsanto ke da hannu wajen biyan kuɗinsu, kuma nazarin da Jessie Luna da Dowd-Uribe suka buga a 2020 ya nuna cewa abin da aka samu a gonakin manoma bai kai rabin haka ba. Da waɗancan alƙaluma ne kuwa aka lissafa farashin iri. To, a nan darasin Anniston ya dawo da ƙarfinsa, a inda ya dace: kamfanin da ke sayarwa bai kamata ya zama mai riƙe da ma'auni ba. Da Robin ta tsayar da hujjarta a wannan iyaka, da Burkina ta gaskata ta sarai.

5. Wake da albasa

Batun bai tsaya a kan kaɗa ba, ya iso ga abin da ke cikin tukunyarmu. A 2019 Najeriya ta amince da waken Bt, aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, aka fara ba manoma a 2021. Cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ce ta fitar da shi, tare da gidauniyar AATF ta Nairobi da cibiyar CSIRO ta Ostareliya. Ƙwayar halittar kuwa Monsanto ne ya ba da ita ba tare da neman kuɗin mallaka ba. Manufa ita ce tsutsar maruka, mai cin fure da kwanson wake.

Mai riƙe da littafin Robin kaɗai ba shi da abin auna wannan. Babu yarjejeniyar hana ajiye iri irin ta Amurka, masu aikin kuma ma'aikatan gwamnati ne, ba dillalan kamfani ba. In kuwa guba ake nema, tana nan tun kafin OGM: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar diklorbos, wato piya-piya, da ake zuba masa wajen ajiya. Gilifosat ɗin da ke kasuwanninmu ma galibinsa ba na Monsanto ba ne, na masana'antun Sin ne da suka shiga harkar bayan ƙarewar takardar mallaka. Kwatancen gaskiya shi ne tsakanin waken Bt da feshin da ake yi ba safa ba takunkumi, ba tsakaninsa da wata gona mai tsarki ba.

Tambayoyin da Burkina da Indiya suka bari su ne masu amfani. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma babu shingen da zai hana tiya ɗaya ta iri hayewa daga Katsina zuwa Maraɗi. Wake yana aurar kansa, saboda haka ƙwayar za ta zauna cikin irin da aka ajiye, ido kuma ba ya bambanta shi da na gida. Ƙwayar Bt ɗaya ce a cikinsa, mun kuma ga abin da tsutsa ta yi wa ƙwaya ɗaya a Gujarat. Ba ya maganin darɓa, ba ya maganin ƙwaron rumbu. Sannan manomin Damagaram ba ƙwaya kaɗai yake nema ga wake ba, yana neman harawa, yana duban launi da girman da mai saye a Dawanau zai karɓa. Waɗannan su ne tsawon silin wake, su ya kamata a auna, kuma mai aunawa kada ya zama mai iri.

Dokar mallaka ma ta riga ta iso, ba ta jira Monsanto ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, wadda ta sake fasalin yarjejeniyar Bangi a 1999 ta ƙara mata ɓangaren kare sabbin irin shuka, a 2014 kuma ta shiga tsarin UPOV na 1991. A ƙarƙashin wannan tsari manomi na iya sake shuka irin da aka kare a cikin gonarsa, amma sayar da shi ko musayarsa, wanda shi ne hanyar da galibin irinmu ke bi daga hannu zuwa hannu, yana bukatar iznin mai takarda. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙi a kan albasar da ya kira Violet de Galmi, wadda manoman Ader da kwarin Maggiya suka daɗe suna zaɓen irinta. Sai da gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin manoman albasa suka tashi tsaye kafin kamfanin ya saki sunan, ya koma neman haƙƙin da sunan Violet de Damani. A wannan shari'a ba a dasa wata ƙwayar halitta ba, ba a fesa gilifosat ba. Takarda ce aka cike aka ajiye a wani ofishi a Yawunde.